Shirin da ya wajaba kafin shiga filin koyon harbi

Tun ranar 31 ga Janairun 2024 da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Gusau, ɗaukar makami a ƙarƙashin hukuma ya zama aikin matasan karkara da dama. Matashin da ya taso a Tungar Guru, ko wani ƙauye na Anka, Gummi da Bukkuyum, yakan zo da sanin daji, wani ma ya saba da bindigar toka ta mafarauta. Sai dai bindigar zamani tana jefa harsashi nesa da inda ido ke kaiwa, don haka horonta yana farawa tun kafin a je fili.

Shiri na farko na ɗabi'a ne. Ana ɗaukar kowace bindiga a matsayin mai harsashi, ko da an ce babu komai cikinta. Ba a nuna bakinta ga abin da ba a yi nufin harbi ba, kuma yatsa ba ya taɓa kunama sai malami ya ba da umarni. Wajibi ne mai harbi ya san abin da ke bayan abin da ya auna, domin a yankin gonaki da burtali harsashin da ya kuskure yana iya samun manomi ko makiyayi.

Na biyu shi ne jiki. Ana bukatar gwajin ido, isasshen barci da ruwan sha, saboda gajiya da ƙishirwa suna sa hannu rawa. Ƙarar bindiga takan wuce ma'aunin desibel 140, wanda ke iya lalata ji har abada, shi ya sa abin toshe kunne da tabarau na kariya suka zama tilas.

Na uku shi ne makamin kansa. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da mai ta zama dauɗa mai hana sassa motsi, danshin damina kuma yana kawo tsatsa. Bayan an tabbatar babu harsashi, sai a goge cikin bututu, a shafa mai kaɗan, a duba ko wani abu ya toshe shi. Gyaran saiti aikin malami ne da ɗalibi tare, a fili.

Yawancin harsasai suna ɗauke da dalma. Mutanen Anka da Bukkuyum ba su manta da gubar dalmar wuraren haƙar zinare da ta hallaka ɗaruruwan yara a 2010 ba. Don haka a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kada kuma a shiga cikin yara da tufafin horo.

Dokar Makamai ta 1959 ta haramta mallakar bindiga ba tare da lasisi ba. Horon da hukuma ba ta amince da shi ba laifi ne, komai kyawun niyyar mai yinsa.