Ƙafar keke ga mai jiki: abin da za ka duba kafin ka biya kuɗi

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, mutane da yawa da suka saba da babur suka koma wa keke. A cikin kekuna na hannu da ake shigowa da su daga Turai akwai wani iri da aka ƙera musamman don hanyar tsakuwa, mai lanƙwasasshen kai irin na tsere, da taya mai ɗan kauri. Yana da kyan gani, yana kuma da gudu. Amma mutumin da nauyinsa ya kai kilo 90 ko 100, ƙafafun ya kamata ya fara dubawa kafin fenti ya ja masa ido, musamman ƙafar baya.

Da zarar ka bar babban titin da ya haɗa Anka da Daki Takwas da Gummi ka nufi ƙauyuka, ko ka gangara fadamun bakin Gulbin Zamfara ta wajen Bukkuyum, sai burji da gargada da yashi, ga ramukan da damina ke bari. Kowane rami duka ne ga ƙafar keke. Kuma a halin rashin tsaro da yankinmu ke ciki, ba wanda ke son ƙafar keke ta karye masa a daji da yamma.

Fara da lissafin nauyi. Masu ƙera irin waɗannan kekuna sukan sa iyaka tsakanin kilo 110 da 130, kuma wannan adadin ya haɗa da kai, da keken, da duk abin da ka ɗaura. In kana da kilo 100, keken na da 12, ka ɗora jarkar ruwa mai lita 25, ka riga ka kai 137. Wajen kashi biyu cikin uku na nauyin mahayi ƙafar baya ce ke ɗauka, kayan da ke kan kariya kuwa kusan duka a kanta suke.

Daga nan sai ka tsuguna ka ƙirga sifok, wato wayoyin ƙarfen da suka haɗa hob da gargare. Yawancin kekunan zamani suna zuwa da 24 ko 28 don a rage nauyi. Wannan bai ishi mai jiki ba. Ka nemi 32 a ƙalla, a baya kuwa 36 ya fi. Tsofaffin kekunan Raleigh na Ingila, waɗanda iyayenmu suka yi ta kai buhun gero kasuwa da su, da yawansu 32 ne a gaba, 40 a baya, kuma kowane sifok yana gitta ƴan uwansa kafin ya kai gargare. Ƙafar da sifok ɗinta suka tafi miƙe ba gittawa, ka bar ta. Kaurin da aka saba milimita 2 ne. In an samu mai 2.3 na ƙarfen da ba ya tsatsa, shi ya dace da baya.

Sai dai yawan sifok ba ya hana karyewa in ɗaurin bai yi ba, kuma a nan ne aka fi asara. Mutane sukan zaci ɗaure sifok da ƙarfi ne ke tsinka shi. Akasarin lokaci sakwarkwacewa ce. Duk juyin da ƙafa ta yi, sifok ɗin da ya zo ƙasa yakan ɗan saki, in ya hau sama ya sake miƙewa. In dama a sake yake, sai ya yi ta motsi a gwiwarsa ta wajen hob, sau dubbai a tafiya ɗaya, har ya gaji ya ɓalle, kamar yadda ake karya waya da hannu ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya. Saboda haka ka matsa su bibbiyu da yatsu, ka kewaye ƙafar duka. Ka ɗan kaɗa kowanne ka saurara: na gefe ɗaya ya kamata amonsu ya zo kusan ɗaya. Wanda ya yi shiru ko ya yi ƙasa sosai, a sake yake. In ɗaya ya karye, a sauya shi ran nan, don maƙwabtansa ne ke ɗaukar aikinsa. In uku suka karye a jere cikin ɗan lokaci, sauran ma sun gaji, gara a sake saƙa ƙafar gaba ɗaya.

Gargaren ma a dube shi. Mai bango biyu ya fi mai bango ɗaya ƙarfi nesa ba kusa ba. A cire taya da ƙyallen ciki: in kan sifok na zaune a fili, bango ɗaya ne, in yana can cikin rami, biyu ne. Ka duba bakin kowane rami ko akwai tsaga, ka juya ƙafar ka ga ko tana kaɗawa. Gargaren kabon, komai arharsa, ban ba da shawara ba, domin in ya tsage ba mai gyara shi a nan.

Akwai tarko a girman taya. Tayar keken tsakuwa da ta tsohon samfurin keke irin Phoenix duka ana ce musu 28, alhali ba sa shiga gargaren juna. Ka karanta lambar da ke jikin tayar: 622 ta keken tsakuwa ce, 635 ta tsohon samfuri ce, 584 kuma wata daban ce wadda samunta ke da wuya. Kafin ka saya, ka tambayi mai gyaran keke na garinku ko yana da taya da tiyub da sifok na wannan lambar. Faɗin tayar kada ya gaza milimita 40, kuma mai jiki ya riƙa ba ta isasshiyar iska, in ba haka ba dutse zai matse tiyub da gargare ya huda shi wuri biyu.

Sandar tsakiyar hob na baya takan lanƙwashe ƙarƙashin mai nauyi, musamman a kekunan da ake murɗa giyarsu a jikin hob. Ka riƙe ƙafar ka girgiza ta gefe da gefe. In tana wasa, a buɗe a duba sandar da boris. Bayan ƙetare ruwa da damina a sake giris. Ƙafar da aka saƙa sabuwa kuma, bayan mako biyu ana hawanta a mayar da ita wurin wanda ya saƙa ta ya sake bin ɗaurin.