Takardar Asibiti Ba Ta Riƙe Tsoho Shi Kaɗai

Jama'ar Sabon Birni da Isa, idan ma'aikacin lafiya ya ba ku 'yar takarda mai bayanin yadda za a kiyaye tsofaffi daga faɗuwa, kada ku ƙunshe ƙosai da ita.

Faɗuwa ba ƙaramin abu ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa. Waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa. Ƙashin tsoho ba shi da ƙwari. Idan ya karye a ƙugu, sai kwanciya, wani ma ba ya sake tashi.

To, amma takarda ita kaɗai ba ta hana faɗuwa. Masana sun gwada, sun ga bayani kawai bai isa ba sai an haɗa da aiki. Ga shi kuma yawancin tsofaffinmu ajami suka sani, ba boko ba. Wasu idon ma ya yi yana.

Nan ne aikinka ya zo, kai da ka shiga ajin yaƙi da jahilci. Zauna kusa da Baba ko Inna, ka karanta musu a hankali. Sannan ka tashi ka zaga gida.

Dubi dokin ƙofa, ko ya yi tsawo. Kawar da turken akuya da igiya da turmi daga hanyar makewayi. Wurin alwala yana santsi, balle da damina, a zuba masa tsakuwa. A ajiye tocila kusa da shimfiɗa saboda fitar asuba. Silifas da ya tsinke a yar da shi. Sanda kuwa ba abin kunya ba ce.

Kada a hana tsoho yawo don tsoro. Zama wuri ɗaya yana kashe ƙafa. In ya farka, ya ɗan zauna kafin ya miƙe. In maganin hawan jini yana sa shi jiri, a faɗa wa likita, kada a daina sha da ka.

In ya faɗi ya kasa taka ƙafa, ko ya bugu a kai, kada a ja shi, kada a tsaya jiran maɗori. A kai shi babban asibitin Isa ko na Sabon Birni. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi Sakkwato.