Tayar da ta Leƙo Waje: Jan Kunne ga Masu Ƙawata Motocin Daji

Akwai wani yayi da ya shigo mana a 'yan shekarun nan, kuma na gaji da ganinsa. Mutum zai sayi Hilux ko Land Cruiser ko Jeep Wrangler, kafin mako ya zagayo ya kai ta wurin masu taya, a cire na kamfani a ɗaura wasu jibga-jibga masu manyan haƙora, waɗanda suka zarce bakin fenda da yatsa uku ko huɗu. Haka zai hau titi. In bakanike ya ce masa, "Alhaji, ba za a sa mata ƙarin fenda a rufe tayoyin nan ba?" sai ya ce ai wannan roba kwalliya ce kawai, shi ya fi son a ga tayar. Wasu har fatawa suke bayarwa, wai taya a buɗe ta fi shan iska, ba ta saurin ɗaukar zafi.

Ƙarin fenda dai shi ne leɓen nan na roba ko ƙarfe da ake ɗaurawa a bakin ramin taya, ya ɗan turo waje ya yi wa tayar rumfa. Kowa ya san shi a ido. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne yana da aiki.

Mu ɗauki taya irin wadda ake yawan sa wa waɗannan motoci, mai lamba 285/70R17. Tsayinta daga ƙasa zuwa sama ya kai milimita 830 da 'yan kai, kewayenta kuma mita 2.6. Idan mota tana gudun kilomita 80 a awa, wannan taya tana juyawa fiye da sau 8 a kowace daƙiƙa. Tayar laka, wadda aka yi wa manyan ramuka a tsakanin haƙoranta, tana cizon tsakuwa ta riƙe, musamman a hanyar burji. Tsakuwar da ta maƙale tana zagayawa da gudun da motar take yi, idan kuma ta kuɓuce daga can saman tayar, gudun juyawar da na tafiyar suna haɗuwa, ta fita da ninki biyu. Majajjawa ke nan, guda huɗu, suna aiki tun daga tashi har sauka. Idan fenda ta rufe tayar, tsakuwar za ta bugi cikin ramin ta faɗo ƙasa, ka ji ƙas! shi ke nan. Idan tayar ta leƙo, babu abin da zai tare ta sai abin da ta tarar a gabanta: gilashin motar da ke tahowa, fuskar ɗan acaɓa wanda ba shi da hular kwano, ƙafar yaron da ke talla a bakin hanya. Mai motar ba zai ma sani ba. Gilashinsa a rufe, na'urar sanyi tana aiki, ya riga ya yi nisa kafin wanda aka jefa ya gano daga ina abin ya fito.

Da damina kuwa sai wanda ya gani. Tsaya a bakin titi bayan an ɗauke ruwa ka kalli irin wannan mota idan ta ratsa kududdufi. Motar da tayoyinta ke rufe tana watsa ruwa ƙasa-ƙasa. Wannan kuwa sai ka ga jan taɓo ya tashi sama ya fi tsayin mutum, ya sauka a kan 'yan makaranta da fararen kayansu, a kan tiren mai ƙosai, a cikin adaidaita sahu da ke gefe. Ana tsine wa mutum a bayansa, shi kuma yana ganin ana kallon motarsa ne don ta burge. Addininmu ya sanya kawar da ƙaya daga hanya cikin sadaka. To ina matsayin wanda ya kashe kuɗinsa musamman don ya riƙa watsa wa hanya duwatsu?

In ma mutum bai damu da kowa ba, ya duba jikin motarsa. Tayar gaba tana harbin ƙofofi da gefen bodi. Bayan wata biyu a hanyar ƙauye, shafa hannunka a ƙasan ƙofar baya: za ka ji fentin ya yi kaushi, ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo inda ƙarfe ya bayyana. Damina ɗaya ta isa tsatsa ta kama wuraren nan. Lakar da ke tashi tana rufe madubin gefe da gilashin ƙofa, direba ya koma tuƙi da rabin gani a lokacin da ya fi bukatar ganin gefensa.

Zancen shan iska kuwa ba shi da tushe ko kaɗan. Zafin taya daga lanƙwasawar robarta yake fitowa, abin da ke ƙara shi kuma ƙarancin iska ne a cikinta, da lodi fiye da ƙima, da gudu mai tsawo a kan kwalta mai zafi. Rumfar yatsa huɗu a samanta ba ta ƙara ba ta rage. Tayoyin bas da tirela a ƙarƙashin bodi suke kwana suke tashi.

Waɗanda suka ƙera motocin ma ba su ɗauki abin wasa ba. A Tarayyar Turai, ƙa'idar ƙera motoci ta ce dole murfin taya ya rufe dukkan faɗinta, daga digiri 30 ta gaban tsakiyar wili zuwa digiri 50 ta baya. Ostareliya, inda Hilux da Land Cruiser suke da kasuwa sosai, tana da doka mai kama da wannan, haka ma jihohi da yawa a Amurka suna cin tarar mai tayar da ta leƙo. Duk lokacin da kamfani ya faɗaɗa ƙafafun mota, yana faɗaɗa fenda tare da su: duba Ranger Raptor na Ford, ko Hilux GR Sport. Kamfanin Arctic Trucks na ƙasar Ayislan, wanda ke ɗaura wa Hilux tayoyi masu inci 35 da 38 har 44 don tafiya a kan ƙanƙara, yana yanka bodi ya sa manyan fenda su rufe tayar. Waɗannan mutane sun fi kowa bukatar babbar taya, amma ba su bar ta tsirara ba. Sai namu, wanda iyakar dajinsa gidan gona ranar Asabar.

To idan an yarda za a sa, yaya ake zaɓa?

Kada a fara da kasuwa, a fara da awo. A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, sitiyari a miƙe, iskar tayoyi daidai. A ɗaura noti a bakin zare a sako shi daga leɓen fenda, daidai saman tsakiyar wili, sannan a auna daga zaren zuwa inda tayar ta fi kumbura. A lura, cikin gefen taya ya fi haƙoranta fitowa, shi ake aunawa. A yi wa gaba da baya, hagu da dama, domin ba lallai su zo ɗaya ba. Abin da aka samu, a nemi ƙarin fenda da ya kai shi ko ya ɗara da kaɗan. Wanda tayarsa ta fito da milimita 40 ya sayi mai rufe 25 ya yi asarar kuɗinsa, wanda kuma ya sayi mai 100 ya ƙara wa motar faɗin da zai riƙa gogar katanga a lungu da itace a daji.

Mutane da yawa suna mamakin yadda tayar ta fito sosai alhali ba su ƙara faɗi mai yawa ba. Daga 265 zuwa 285 bambancin milimita 20 ne kacal, 10 ciki 10 waje. Yawancin fitowar daga rim take. Kowane rim yana da lambar da ke nuna zamansa ciki ko waje, ana buga ta a bayansa, sau da yawa bayan haruffan ET. Wanda ya cire mai +30 ya sa mai 0 ya turo tayar waje da milimita 30, a haɗa da 10 na faɗi, ga 40 nan. Don haka sai an gama zaɓen taya da rim, an ɗaura su, sannan a sayi fenda. Yin akasin haka saye biyu ne.

Ga wani kuskure da ake tafkawa a gareji: mota tana gogar taya idan an karya kwana, sai a ce a sa ƙarin fenda. Ƙarin fenda murfi ne, ba ya buɗe wa taya wuri. Gugar daga ciki take, a robar cikin rami, ko ƙasan bamba, ko inda bodi ya zauna a kan shasi. Wani leɓen ma yana sauka ƙasa da na asali, ya rage sararin da ke akwai. Idan tayar ta yi tsayi sosai, akwai nau'in da aka yi don a yanke bakin fenda a faɗaɗa ramin kafin a ɗaura shi. Wannan aikin ƙwararren fanalbita ne, kuma ƙarfen da aka yanke ba ya komawa, sai mutum ya yi tunanin ranar sayar da motar.

Sai abin da aka yi ƙarin fendar da shi. Mafi yawan waɗanda ke kasuwa robar ABS ce mai tauri. Mai kyau daga cikinta an haɗa ta da sinadarin kariya daga rana, marar kyau kuwa rani ɗaya a Sakkwato ko Maiduguri zai mayar da baƙinta toka-toka, ta bushe ta fara tsagewa daga wurin noti. Araha ba ta ado. Riƙe gefen robar ka ɗan murɗa: mai kyau tana bayarwa ta koma, marar kyau tana ƙara kamar za ta karye, gefenta siriri, bakinta da kaifi. Wanda da gaske yake shiga daji, inda reshe da kututture ke dukan gefen mota, ya nemi mai laushi irin ta foliyuritan, wadda ke lanƙwashewa ta dawo. Faiba tana karɓar fenti da kyau amma bugu ɗaya take fashewa. Na ƙarfe, wanda masu walda za su iya haɗa maka, yana da ƙarfi, sai dai idan ya daki dutse ba ya shanye dukan, yana miƙa shi ga bodin motar, ka tashi da lotsewar da ta fi kuɗin roba goma. Kuma kaifin ƙarfe a gefen mota cikin cunkoson kasuwa haɗari ne ga masu tafiya a ƙasa.

Kada manyan notocin nan da ke jere a jikin wasu su ruɗe ka. A yawancinsu ado ne, ba su riƙe komai. Abin tambaya shi ne yadda za a ɗaura. Wanda aka ƙera don ainihin motarka yana bin ramukan da kamfani ya riga ya huda, da 'yan maƙalai, ba a taɓa ƙarfe. Shi ya sa dole ka san samfurin motar da shekararta: na Hilux Vigo ba ya zama a kan Revo da ta fito a 2015, na mai ƙofa biyu ba lallai ya dace da bayan mai ƙofa huɗu ba. Ko a kasuwar Ƙofar Ruwa kake ko ta Ladipo, je da motar, a kara a gani kafin kuɗi ya fita. Wanda ake cewa yana shiga kowace mota, yawanci sai an yanka an huda an tilasta masa. Idan hudawa ta zama dole, kowane rami a shafa masa fentin hana tsatsa kafin noti ya shiga, notin kuma ya zama wanda ba ya tsatsa. Wanda aka manna da gam kaɗai ba zai jure zafi da girgizar burji ba.

Akwai siririyar roba da ke shiga tsakanin leɓen da fenti. Yara a gareji suna yawan jefar da ita don tana da wuyar sawa. Tsaya a kansu sai sun sa. In babu ita, ƙurar hunturu da yashi suna shiga tsakani, girgiza ta riƙa goga su har fenti ya cinye. Ko da ita, lokaci-lokaci a sa mai wanki ya harba ruwa ta ciki, domin lakar da ta kwanta a bayan leɓen tana riƙe danshi.

Bayan an ɗaura, a gwada kafin a biya. A karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, gaba da ribas. A hau da taya ɗaya kan tudu yadda ta ɗaya ɓangaren za ta nutse cikin raminta, a leƙa a ga ko ta taɓa. A sake yi da lodi a baya, tunda buhu goma na taki yana sauke mota sosai. A kuma sa robar nan mai lilo a bayan kowace taya, don ƙarin fenda sama da gefe yake karewa, abin da ke fita ta baya ƙasa-ƙasa aikinta ne.

Sauran illolin manyan taya, irin su cin beyarin da ƙarin shan mai, zance ne na wata rana. Abu ɗaya kawai: wanda ya tashi daga 265/65R17 zuwa 285/70R17 ya ƙara tsayin taya da kusan kashi 7 cikin 100, don haka idan allurar gudu ta nuna masa 80, yana kusa da 86.