Gida da Kasuwa a Hannun Mace Ɗaya: Dabarun Uwa a Zangon Bakin Teku

Ƙarfe huɗu na asuba a Nima, gari bai motsa ba, amma a gidajen haya wutar murhu ta riga ta tashi. Mai koko tana tace gasara, mai waakye ta ɗora tukunya da karan dafi, wata kuma tana ɗaure kayan da za ta kai Makola kafin trotro ya cika. A ɗaki yara suna barci. Ɗaya bai san inda ya jefa safarsa ba, ɗaya kuma an ce ya kawo kuɗin jarrabawa yau, bai faɗa ba, sai an idar da sallah zai tuna. Maigida yana hanya, ko dai a bodar Aflao, ko yana biye da motar albasa daga Galmi.

Duk wadda ta zauna a Nima ko Sabon Zango a Akra, ko Aboabo a Kumasi, ko New Bell a Duwala, ko Zangon Kwatano, ta san wannan safiya. A gida Arewa akwai kaka, akwai gwaggo, akwai ƙanwar miji da za ta goya miki yaro ki je ki dawo. A nan kuwa ke ce mai girki, ke ce mai shago, ke ce ma'aji. In kika bari gida ya cinye kasuwa, jari ya tafi. In kasuwa ta cinye gida, yaran ne za su biya. Ga wasu dabaru da matan zango suka daɗe suna yi, wasu kuma sai da na yi asara kafin na koye su.

Safiya daga dare take farawa

Rabin sa'a bayan sallar isha ya fi sa'a biyu na safe albarka, domin da safe kowa yana kiran sunanki. Kafin ki kwanta, a jiƙa waken gobe, a cika bokitai in famfo ya kawo, kowane yaro ya rataye kayan makarantarsa ya jera takalmi a ƙofa. Ki saba musu da tambaya ɗaya kowane dare: wa aka ce ya kawo wani abu gobe? Wanda bai faɗa da dare ba, da safe sai haƙuri. Sau biyu kawai yaro zai sha wannan, ya koya.

Gasarar koko kuma ba sai kullum ake niƙa ba. Ki yi ta kwana uku ko huɗu, ki bar ta ta kwanta a roba mai murfi, kowace safiya ki tsiyaye ruwan sama ki zuba sabo. Haka take jurewa ba tare da tsaminta ya wuce misali ba.

Miyar mako da wutar da ba ta da alƙawari

Abin da ya fi cin lokacin uwa a kicin shi ne jajjage. To ki ware rana ɗaya a mako, ranar da kasuwa ba ta ci sosai. Ki sayi tumatir, tattasai, attaruhu da albasa da ɗan yawa, a niƙa su gaba ɗaya, ki ɗora a wuta ba tare da kin ƙara ruwa ba, har ruwansu ya ƙone ya yi kauri. Sannan ki soya da mai har man ya taso sama. Wannan ita ce uwar miyarki. Yau ki ɗiba ki yi miyar shinkafa, gobe ki sa kuɓewa, jibi ki dama gyaɗa a ciki, gata ki yi dafa-duka. Minti ashirin abinci ya sauka.

Sirrin duka yana wajen ƙone ruwan nan. Dubi shito na maƙwabtanmu: abin da ya sa yake daɗewa a kwalba shi ne an soya shi har babu sauran ruwa, ga mai ya rufe samansa. Ke ma ki raba taki a ƙananan robobi, kowace roba ta girki ɗaya, don kada ki riƙa buɗe babba kina mayarwa. Cokalin ɗiba ya zama busasshe mai tsabta, kuma kada yaro ya sa hannu.

Mai firiza ta sani cewa in aka ɗauke wuta, firizar da take cike takan riƙe sanyi kusan kwana biyu muddin ba a buɗe ta ba, wadda take rabi kuwa kwana ɗaya. Firij ba ya wuce awa huɗu. Don haka ki cike gurbin da ya rage da ruwan leda, ya daskare ya zama ƙanƙara, kuma ki hana yara buɗe-buɗe ranar dumso. Wadda ba ta da firiza, ta yi uwar miya ta kwana biyu ko uku kawai, ba nama ba kifi a ciki, ta tafasa ta safe da yamma.

Shinkafa dafaffiya fa a kula da ita. In ta yi awa biyu a zafin garin nan a buɗe, ta fara zama abin tsoro, kuma ɗumamawa ba ya kashe duk abin da ya riga ya taru a cikinta. Abincin ranar yara ki zuba shi a kula da zafinsa, a cinye da sun dawo makaranta. Abin da ya kwana a waje, kada a ba ƙaramin yaro don gudun asara. Kuɗin asibiti ya fi kwanon shinkafa.

Laimar bakin teku ba ta san kuka ba

Damina ta farko da na yi a Akra, na zo da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da rabin buhun gyaɗa, na jingine su a lungun ɗaki kamar yadda muke yi a gida. Kafin watan Yuni ya ƙare kukar ta dunƙule, kuɓewar ta yi baƙi, gyaɗar kuma ta yi funfuna. Na zauna ina tsince ta ina cewa ai in an soya shi ke nan. Wata tsohuwa maƙwabciyata ce ta hana ni, kuma gaskiyarta.

A Arewa iska ce take bushe mana kaya. A nan iskar ce take jiƙa su. Akra tana da damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba, Duwala kuwa ruwanta ya ninka na Akra nesa ba kusa ba. Gyaɗa da masara in suka yi funfuna sukan ɗauki wata guba da likitoci ke kira aflatoksin. Tana lalata hanta sannu a hankali, tana tauye girman yara, kuma tafasa ko suya ba sa kashe ta. Gyaɗar da ta canza launi, ko ta yamushe, ko take ɗaci, a zubar. Kada a yi ƙuli-ƙuli da ita, kada a ba kaji.

Maganin abin ba shi da tsada. Duk kayan da aka kawo miki daga gida, ki shanya su ranar da rana ta buɗe sosai, ki bari su huce, sannan ki ɗura a kwalba ko jarka busasshiya mai murfin da ke kamawa. Kuka da yaji a raba su kashi-kashi: ƙaramar kwalba ta amfanin yau da gobe, babba kuma a rufe, sai ƙaramar ta ƙare. Buhu kada ya taɓa ƙasa ko bango, a ɗora shi a kan katako. Wake kuwa ki cika jarka taf ki toshe, domin in iska ba ta shiga ƙwaron cikinsa shaƙewa yake ya mutu.

Abu ɗaya nake roƙon ki da girman Allah. Ƙwayar maganin nan da ake sakawa a sito don ƙwarin hatsi, mai fitar da iska mai guba, kada ta shiga ɗakin da ake kwana, ko don wake, ko don kyankyaso da kuɗin cizo. A shekarar 2018 a nan Akra, yara uku 'yan ɗaki ɗaya suka rasu bayan an sa irin wannan magani a gidansu. Mu da yawanmu ɗaki ɗaya ne sito, shi ne makwanci. Allah Ya jiƙansu, Ya tsare mana namu.

Uwar kuɗi ba ta zuwa cefane

Kasuwancin mace a zango ba kasafai ɓarawo ke karya shi ba. Sidi biyar na gawayi ne, da sidi goma na mai, da "Umma a ba ni na alawa", duk daga lalita ɗaya. Wata uku sai ki je sari ki ga kuɗin ba su kai ba, ki rasa inda suka bi. Da yayyafi kogi kan cika, da ɗiga kuma tulu kan ƙare.

Ki yi jaka uku. Ta farko uwar kuɗi, wato abin da za ki sake saro kaya da shi, ba a taɓa ta ko da baƙo ya zo. Ta biyu kuɗin gida: abin da maigida ya bari, da abin da kika yanka wa kanki daga riba kowace rana, adadi sananne. Ta uku ajiya. In dole ta sa kin ɗauki na jari kin yi cefane, ki rubuta a littafi bashi ne, ki faɗa wa maigida adadin in ya dawo. Ciyar da gida haƙƙinsa ne, taimakon da kike yi alheri ne, kuma rubutu yana kawar da gardama tsakanin mata da miji. Wadda ba ta rubutu, 'yarta 'yar aji huɗu ta isa ta riƙe mata littafin.

Ajiya kuwa ki fitar da ita daga hannunki. Mai karɓar susu da ke zagaya kasuwa, in kin zuba na kwana 31 yakan riƙe na kwana ɗaya ladansa ya ba ki na 30. Adashi, wanda ake kira tontine a Kamaru da Benin, ya fi dacewa da babban abu kamar kuɗin haya, tunda masu gidaje a Akra sukan nemi na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Ki nemi kwasarki ta faɗo wata ɗaya kafin hayar ta ƙare. Amma ki shiga da waɗanda kika san gidajensu. In kuma a waya kike ajiya, lambar sirrinki ta MoMo taki ce ke kaɗai. Duk wanda ya kira ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure, ki kashe, ki duba asusunki da kanki.

Yara ma hannu ne

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗan shekara biyar zai iya kwashe kwanuka, ɗan takwas ya yi shara ya wanke safarsa, ɗan goma sha biyu ya dafa shayi ya ɗumama tuwo. Har da maza. Yaron da zai tashi ya bi fatauci kamar ubansa, wata rana shi kaɗai zai kwana a wani gari da tukunyarsa.

Kuskuren da muka fi yi shi ne mu ɗora komai a kan babbar 'ya, ta zama uwa ta biyu, ta riƙa makara, ta riƙa gyangyaɗi a aji. Tun 2017 karatun babbar sakandare kyauta ne a makarantun gwamnatin Gana. Kada raino da talla su hana ta kaiwa can. Ki rubuta aikin kowa a manna a bango, a riƙa juyawa mako-mako.

Sai harshe. Yaro yana jin Turanci ko Faransanci a makaranta, yana jin Twi ko Ga a layi, Hausarsa a bakinki take. Lokacin tsinkar alayyafo ko ɓarar gyaɗa, ki yi musu tatsuniya ɗaya. Ranar Juma'a kowa ya aika wa kaka gaisuwa da muryarsa ta WhatsApp, ya ce "Inna, mun gaishe ki, ya jiki, ya sanyi?" Randa aka kai su gida ba za su tsaya suna kallon dangi kamar baƙi ba.

Leda ɗaya a saman sif

Wanda ya ga ruwan 3 ga Yuni 2015 a Akra bai manta ba. Takardun haihuwa, katin allurar yara, katin inshorar lafiya, katin shawara na ƙetare boda, rasit ɗin haya, duk a haɗa su a leda mai kauri a ɗora can sama, a kuma ɗauki hotonsu a waya. A Gana rajistar haihuwa kyauta ce kafin yaro ya cika shekara ɗaya, katin NHIS kuma ana sabunta shi ta waya da *929#, ba sai kin rufe shago kin bi layi ba. Lambar gaggawa 112, a koya wa kowane yaro.

Kusa da ledar nan ki ajiye ƙunshin ORS biyu ko uku. In gudawa ta kama yaro da dare babu shi, a samu lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In ya ƙi sha, ko idonsa ya faɗa, ko akwai jini, asibiti kai tsaye. Zazzaɓi kuma a gwada jini kafin a sayi magani. Tiyon gas, ki shafa masa ruwan sabulu lokaci-lokaci, in ya yi kumfa yana yoyo. In kin ji warin gas, kada ki kunna fitila ko ashana, ki buɗe taga, ki fitar da yara.

Ke ma mutum ce

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Uwar da ta ciyar da kowa ta tafi kasuwa da ruwan shayi, kafin la'asar ba ta da haƙurin mai saye, balle na yara. Ki karya kafin ki fita. Ki nemi maƙwabciya ɗaya amintacciya ku yi karɓa-karɓa: yau ita ta ɗauko yara, gobe ke. In maigida yana gari, ki ce "Malam, yau kai za ka duba musu karatun allo", ki samu ki miƙe bayanki. Yawancinsu ba ƙi suke ba, ba a faɗa musu ba ne.

Kada ki ce za ki ɗauki duk waɗannan a rana ɗaya. Ki zaɓi guda ki fara da shi wannan makon, ko jaka uku, ko uwar miya, ko dai ki fito da kukar nan ki shanya tun rana tana nan. Allah Ya sa albarka a nema, Ya raya mana zuri'a, Ya mai da matafiyanmu gida lafiya.