Soro da Na'ura: Tsaron Sanyin Ɗaki a Argungu

Wanda ya shiga soron ƙasa a Argungu da bazara, irin na tsohuwar fadar Sarkin Kabi wadda ta zama gidan tarihi na Kanta cikin 1958, zai ji sanyi ya tarye shi, alhali a waje zafi ya haura digiri 40. Dalili kuwa kaurin bango ne. Tubali yana shan zafin rana sannu a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare, sa'an nan mutanen gida sun riga sun fid da tabarminsu tsakar gida. Ashe rabin dabarar tana jikin gini, rabi tana ƙafar mai gida.

Ginin siminti da kwano ba shi da wannan haƙuri, sai an sa masa na'urar sanyaya ɗaki, ita kuwa uwar cin lantarki ce, balle inda janareto ke ba da wutar. Saboda haka a manyan gine-ginen zamani akan haɗa ta da 'yan mataimaka: wannan ta auna zafi, waccan ta lura ko da mutum a ɗakin, kwamfuta ta yanke hukunci. In ɗaki ya yi wayam, a rage sanyi. Wuyar tana wurin sanin iyaka. In tsimi ya yi yawa, ma'aikaci ya jiƙe da gumi, ya buɗe taga, ɗan sanyin da aka tara ya tafi a banza.

Sunan wannan haɗi fa? Wasu kan ce ma'aunin zafi. A ganina bai gamsar ba, gama ma'auni faɗi kurum yake yi, wannan kuwa umurni yake bayarwa. Na fi son a ce linzamin zafi.