Gyaran hanyar jirgin ƙasa

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a shekarar 1911. A 1912 jirgi ya fara zuwa daga Legas, tafiyar da ta fi kilomita 1100. Shekara da shekaru gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram tana bin wannan hanya zuwa bakin teku.

Amma jirgin ba shi da sauri. A 2012, da aka gyara tsohuwar hanyar, fasinja yakan yi awa 30 ko fiye tsakanin Legas da Kano. Ke nan jirgin bai cin ko kilomita 40 cikin awa guda. Mai gaggawa sai ya shiga mota.

Laifin ba na inji ba ne kaɗai. Doki komi ƙarfinsa, ba ya sukuwa a kan turba mai ramu. Haka jirgi yake: saurinsa yana ga hanyarsa.

Tsohuwar hanya ƙunci gare ta. Tsakanin ƙarfenta biyu milimita 1067 ne. Tana da kwana da yawa, don an yi ta kewaye duwatsu da tuddai saboda a rage kuɗin aiki. In jirgi ya sha kwana da gudu, yana iya kaucewa ya faɗi. Kuma hanyar guda ɗaya ce: in jirage biyu za su gamu, dole ɗaya ya tsaya a tasha har ɗayan ya wuce. Ga ruwan damina da ke zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashin ƙarafa.

Don haka aka soma shimfiɗa sabuwar hanya mai faɗin milimita 1435. Ma'aikata suna daddaɓe ƙasa, su zuba tsakuwa mai yawa don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Suna jera ginshiƙan siminti a gicciye, su ɗaura ƙarafa a kansu. Ana miƙar da kwana. Inda ba ta miƙuwa, sai a ɗan ɗaga ƙarfen waje, jirgi ya karkata kamar yadda mai keke yake karkata in zai sha kwana. A mahaɗar hanyar jirgi da ta mota ana gina gada.

A 2016 aka buɗe hanyar Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186. A 2021 aka buɗe ta Legas zuwa Ibadan, kilomita 157, mai hanya biyu, ta zuwa da ta dawowa. An tsara su don jirgi mai iya cin kilomita 150 cikin awa guda. A 2021 ɗin kuma aka aza harsashin hanyar Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wadda aka tsara ta bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya.

Jirgi mai sauri yana sauƙaƙa wa ɗan kasuwa da ɗalibi da marar lafiya. Amma yana da haɗari ga wanda bai san shi ba. Nauyi gare shi ƙwarai. Ko direba ya ja birki, yakan yi tafiyar kusan kilomita guda kafin ya tsaya, kuma ba ya iya kauce wa kowa. Shi ya sa yara ba su wasa a kan ƙarafa, makiyaya kuma ba su ƙetarawa da dabbobi sai inda aka keɓe.

Tambayoyi
1. A wace shekara hanyar jirgi ta iso Kano?
2. Kawo dalilai uku da suka hana tsohon jirgi sauri.
3. Mene ne amfanin tsakuwar da ake zubawa?
4. Da milimita nawa sabuwar hanya ta fi tsohuwa faɗi?
5. Jirgi yana cin kilomita 142 cikin awa guda. Awa nawa zai yi daga Kano zuwa Maraɗi in bai tsaya ba?