Kaba ɗiyar goruba ce

Wasu na cewa kaba daban, goruba daban: wai ita kaba Allah ya yi ta gajeruwa, ko an bar ta shekara ɗari ba za ta miƙe ba. Wannan magana ba ta da tushe. A kwatanta ganyen biyu, a shafa baƙaƙen ƙayoyin da ke jere a gefen sandar ganyen, za a tarar abu ɗaya ne. Kaba goruba ce da wuƙa ta hana girma. Duk sabon ganyen da ya leƙo sai a yanke shi tun bai buɗe ba, a kai kasuwar Tanut ko Belbeji don tabarma da igiya. Itacen da ake raba shi da ganye haka, da me zai gina gangar jiki? Sai ya koma yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa. A Gulbin Kaba, wajen Mayahi, manoman da suka ware 'yan tsiro a gonakinsu suka tsare su sun ga sun tashi har sun yi 'ya'ya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai in an ɗaure shi.

Wani zai ce ƙarancin ruwa ne ya hana kaba girma, tunda a Damargu ruwan shekara kan tsaya wajen milimita 300 ko ƙasa da haka. Gaskiya ne farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa. To amma goruba ba da ruwan sama kaɗai take rayuwa ba. Tun tana ƙodago take fara tura saiwa can ƙasa kafin ta fid da ganye, shi ya sa ta fi son kwari irin na Tarka, inda ruwan ƙasa ke kusa, ta bar wa gero jigawa. Inda doguwar goruba ke tsaye kusa da kabar da aka aske, ruwa ɗaya suke sha.

Hujjar da ta fi nauyi ga ci gaba da yankan kaba ita ce ta mata masu saƙa, waɗanda kaba ke ciyar da gidajensu lokacin rani. Ba a ce su daina ba. An yi wa giginya gorin cewa na nesa ka sha inuwarta, ita kuwa goruba na kusa take yi wa rana, don haka na kusa ya kamata ya tsare ta. A kowane kurmin kaba a bar tsiro kaɗan, kuma kada ya zama ɗaya tak, domin goruba akwai namiji akwai mace, kuma ba a bambanta su sai sun yi fure.